Ruwan da ke Kwance a Gindin Masai: Yadda Landan ta Koyi Darajar Mai Aikin Famfo

A gindin kowane masai na tangaran akwai ɗan ruwa da ke kwance, wanda zurfinsa bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Idan aka kora masai ruwan ya tafi, nan take wani ya maye gurbinsa. Mutane da yawa suna ɗaukarsa ragowar ruwan da bai samu wucewa ba ne, alhali kuwa da gangan aka tsara ya tsaya a wurin. Shi ne ƙyauren da ya raba ɗakin kwanan mutum da ramin da najasar gidan ke ruɓewa. Muddin yana nan, iskar rami ba ta da hanyar hawowa. Ranar da ya bushe kuwa, ko wani kuskuren haɗa bututu ya zuƙe shi, ƙyaure ya buɗe.

Mutumin da wannan ƙyaure ke hannunsa shi ne mai aikin famfo, wanda ake kira fulamba. A yawancin gidaje ba a tunawa da shi sai masai ya toshe ko tanki ya fara yoyo, kuma idan ya zo, cinikin yakan tsaya ne a kan kuɗin aiki: wanda ya fi araha shi ke samu. Dalilin haka a fili yake. Mafi yawan aikinsa binne yake a ƙasa ko a cikin bango, ido ba ya ganin bambanci tsakanin mai kyau da marar kyau sai bayan watanni ko shekaru. Akwai birnin da ya koyi wannan bambanci da rayukan dubban mutanensa, wato Landan a ƙarni na 19. Tarihinsa yana nuna cewa masai na zamani baki ne kawai na wata doguwar hanya, kuma lafiyar mutane ta rataya ne a kan inda hanyar ta nufa da yadda aka haɗa ta.

Daga rufin coci zuwa ban-ɗaki

Kalmar fulamba ta samo asali ne daga sunan dalma a harshen Latin, domin da dalma Romawa ke yin bututan ruwansu. A Ingila ta tsakiyar zamanai ma, fulamba maƙerin dalma ne. Aikinsa shimfiɗa dalma a rufin coci da manyan gidaje, da ƙera indararo da tankunan ruwa. Ƙungiyar masu wannan sana'a a Landan ta samu dokokinta a rubuce tun 1365, Sarki James na Ɗaya kuma ya ba ta takardar amincewa a 1611. A duk tsawon wannan lokaci babu ruwan fulamba da bayan gida. Mutane suna amfani da tukunya a ɗaki ko salga a bayan gida, wasu ma'aikata na daban kuma su zo da dare su yashe ramin.

Masai mai kora da ruwa ya fara bayyana a Ingila a 1596, sa'ad da Sir John Harington, wani bafaden Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya wallafa bayanin wanda ya gina a gidansa da ke Kelston kusa da Bath. Yana da tanki a sama da marufin da ake buɗewa ruwa ya kwararo. Bai samu karɓuwa ba. Gidaje kaɗan ne ke da ruwan da za su zubar haka, sannan bututun da ke fitar da ƙazanta shi ne kuma ke dawo da wari, tun da babu abin da ya toshe shi.

Sai bayan kusan shekara 180 aka warware matsalar warin. A 1775 wani mai gyaran agogo ɗan Sukotland da ke zaune a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar wani masai wanda bututun ƙasansa ya lanƙwashe kamar harafin S. Lanƙwasar tana riƙe ruwa kaɗan bayan kowace kora, ruwan kuma ya zama marufin da ba ya tsatsa, ba ya buƙatar a rufe shi da hannu. Bayan shekara 3, a 1778, Joseph Bramah ya inganta marufin cikin masan, ya sayar da dubbai kafin ƙarshen ƙarnin. Daga nan masu hali suka fara saka masai mai ruwa a cikin gida, aikin haɗa shi kuma ya faɗa hannun mutanen da suka iya narka dalma da haɗa bututu.

An kawo masai, ba a tanadi inda zai zuba ba

A farkon ƙarni na 19 Landan tana da magudanan ƙarƙashin ƙasa, amma na ruwan sama ne. Doka ta hana zuba najasar gida a cikinsu. Najasa tana tafiya ne cikin ramukan da aka haƙa a tsakar gida ko ma a ƙarƙashin daɓen ɗaki, waɗanda aka ƙiyasta yawansu ya kai 200,000. Tsarin ƙazami ne, amma yana da irin nasa lissafi: masu yashe masai suna kwashe abin da ya taru, su kai wa manoman bayan gari su sayar a matsayin taki.

Abubuwa uku suka rushe wannan lissafi. Na farko, jama'ar birnin ta ƙaru daga kimanin miliyan 1 a 1801 zuwa fiye da miliyan 2 a 1851, gonaki suka yi nisa, kuɗin dako ya hau. Na biyu, a shekarun 1840 aka fara shigo da kashin tsuntsayen teku daga Peru, takin da ya fi ƙarfi kuma ya fi sauƙin ɗauka, kasuwar takin masai ta faɗi. Na uku shi ne masai mai ruwa kansa. Ramin da aka haƙa don ya karɓi abin da iyali ke fitarwa a yini sai ga shi yana karɓar bokitai na ruwa a kowace shiga. Ramuka suka cika suka tumbatsa, ƙazanta ta ratsa ƙasa ta shiga ɗakunan ƙarƙashin gidaje da rijiyoyin unguwa.

Hukuma ta nemi mafita ta hanya mafi kusa. A 1815 aka ɗage dokar da ta hana haɗa gidaje da magudanai. A 1842 Edwin Chadwick ya wallafa shahararren rahotonsa a kan halin tsaftar da ma'aikatan Birtaniya ke ciki, ya nuna yadda ƙazanta ke gajarta rayuwar talaka. Chadwick, kamar yawancin likitocin zamaninsa, ya yi imani cewa cuta a cikin wari take, mutum yana kamuwa da ita ne idan ya shaƙi iskar abin da ya ruɓe. Saboda haka abin da ya fi damunsa shi ne a fitar da najasa daga gida da gaggawa. Hukumar magudanai ta birnin da aka kafa a 1848 ta bi wannan ra'ayi, ta matsa a rufe ramuka a haɗa gidaje da magudanai. Cikin kimanin shekara 6 aka rufe ramuka 30,000.

Duk magudanan nan a kogin Thames suke zuba, kuma daga wannan kogi kamfanoni da dama ke jan ruwan da suke sayar wa gidaje. Garin gyaran gira aka tsone ido. Kwalara, wadda ta kashe mutum kusan 6,500 a Landan a zuwanta na farko a 1832, ta dawo a 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da 14,000. Ta sake dawowa a 1853 zuwa 1854 ta ɗauki fiye da 10,000. A tsakanin waɗannan annoba biyu ne masai mai ruwa ya samu tallan da bai taɓa samu ba: a babban baje kolin duniya na 1851 a Hyde Park, George Jennings ya kafa ban-ɗakuna na haya, mutum fiye da 800,000 suka biya kwabo ɗaya-ɗaya suka shiga. Da yawansu sun koma gida da sha'awar samun irinsa.

Taku uku tsakanin rami da rijiya

Likitan da ya ga inda matsalar take shi ne John Snow, wanda aka fi sani a lokacin da ƙwarewa wajen sa majiyyaci barci kafin tiyata. Tun 1849 ya rubuta cewa kwalara ta baki take shiga, kuma bayan gidan mai cutar ne ke kai ta ga wani ta hanyar ruwan sha. Hujjarsa mai sauƙi ce: cutar hanji take kamawa, da kuwa shaƙarta ake yi, da huhu za ta fara taɓawa. Ba a saurare shi ba.

A ƙarshen watan Agusta 1854 cutar ta ɓarke a unguwar Soho. Cikin kwana 10 mutum kimanin 500 suka mutu, jimillar kuma ta kai 616. Snow ya bi gida-gida yana rubuta inda aka yi mutuwa da inda mamatan ke ɗiban ruwa, sai ya ga gawawwakin sun taru ne kewaye da wani famfon tuƙa-tuƙa da ke titin Broad. Waɗanda suka tsira ma sun ƙarfafa hujjarsa. Wani gidan gajiyayyu da ke kusa, mai mutum fiye da 500, yana da rijiyarsa, mutum 5 kawai ya rasa. A ɗaya ɓangaren kuma, wata dattijuwa da ke zaune can Hampstead, nesa da unguwar, ta mutu da cutar, aka gano cewa kullum ana kai mata ruwan wannan famfo saboda tana son ɗanɗanonsa. A ranar 8 ga Satumba hukumar unguwar ta cire hannun famfon. Snow da kansa ya yarda cewa annobar ta riga ta fara lafawa, domin mutane da yawa sun gudu.

Wanda ya gano tushen abin shi ne Henry Whitehead, wani matashin limamin cocin unguwar, wanda ya shiga binciken da niyyar ƙaryata Snow. Ya tarar cewa kwanaki kaɗan kafin ɓarkewar, wata jaririya a gida mai lamba 40 a titin ta kamu da gudawa, mahaifiyarta tana wanke ƙunzugunta tana zuba ruwan a ramin masan da ke gaban gidan. Da aka tone wurin, aka ga ginin ramin ya ruɓe yana tsiyaya, kuma tazarar da ke tsakaninsa da rijiyar famfon ba ta kai ƙafa 3 ba. Mutum ɗari shida sun mutu saboda wani magini ya haƙa rami kusa da rijiya, wani kuma bai gyara bangonsa ba.

A wannan shekara Snow ya yi wani binciken da ya fi wannan girma a kudancin birnin. Kamfanoni biyu ne ke raba ruwa a tituna ɗaya, ga mutane iri ɗaya. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin jan ruwansa can sama da birni a 1852, inda najasa ba ta kai ba. Kamfanin Southwark da Vauxhall kuwa ya ci gaba da ja daga Battersea, a cikin gari. A makonni 7 na farkon annobar, cikin kowane gida 10,000 da ke shan ruwan Southwark da Vauxhall mutum 315 suka mutu. A gidajen Lambeth adadin 37 ne. Duk da haka hukumomin lafiya suka tsaya a kan ra'ayin wari.

Warin da ya tayar da majalisa

Abin da alƙaluman Snow suka kasa, hanci ya yi shi. Tun a Yulin 1855 masanin kimiyya Michael Faraday ya rubuta wa jaridar The Times cewa ya jefa fararen takardu a kogin, suka ɓace wa ido kafin su nutse da inci ɗaya. A bazarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, ruwan kogin ya ja baya, najasar mutum fiye da miliyan 2 ta kwanta a gaɓa tana dahuwa a rana. Sabon ginin majalisar dokoki a bakin kogin yake. Aka jiƙa labulen tagogi da sinadarin kashe wari, bai yi amfani ba, 'yan majalisa suka riƙa ficewa daga ɗakunan taro da hankici a hanci. Tun da sun yi imani wari ne ke kisa, abin da suke ji tsoron mutuwa ne. Benjamin Disraeli, ministan kuɗi na lokacin, ya gabatar da ƙudurin doka, cikin kwana 18 ya zama doka a ranar 2 ga Agusta, aka ba hukumar ayyukan birnin ikon cin bashin fam miliyan 3. John Snow bai ga wannan rana ba, ya rasu a watan Yuni na shekarar.

Babban injiniyan hukumar, Joseph Bazalgette, ya riga ya tanadi tsari. Tsofaffin magudanai suna gangarawa ne kai tsaye zuwa kogi. Sai ya gina manyan lambatu da suka bi tsawon kogin a arewa da kudu, suna tare tsofaffin kafin su isa ruwa, suna kwashe abin da ke cikinsu zuwa gabas, can ƙasa da birni. Tsawon manyan ya kai mil 82, wato kimanin kilomita 132, na tituna da aka gina ko aka gyara kuma kimanin mil 1,100. Aikin ya ci tubali miliyan 318. Ya yi amfani da sabon simintin Portland, ya kuma sa a riƙa gwada ƙarfin kowane kaso da aka kawo kafin a yarda da shi. Inda ƙasa ta yi kwari, ya kafa tashoshin injin tururi masu ɗaga ruwan sama don ya ci gaba da gangara: ta Crossness an buɗe ta a 1865, ta Abbey Mills a 1868.

Kwalara ta dawo sau ɗaya, a 1866, ta kashe fiye da mutum 5,500. Mafi yawansu a gabashin birnin suke, inda ba a gama haɗa sabon lambatun ba, kuma inda wani kamfanin ruwa ya raba ruwan da bai tace ba daga buɗaɗɗun tafkunan ajiyarsa da ke Old Ford. William Farr, jami'in ƙididdigar gwamnati wanda a dā yake goyon bayan ra'ayin wari, ya bi alƙaluman ya tabbatar ruwa ne. Tun daga nan annobar kwalara ba ta sake kama Landan ba.

Ɗan sarki da bututun da ba a gani

Lambatun Bazalgette ya tsaya a bakin titi. Daga bakin titi zuwa ban-ɗaki aikin fulamba ne, kuma babu mai duba shi. Kowa na iya sayen kayan aiki ya kira kansa fulamba. Masu gina gidajen haya da na sayarwa suna neman mafi araha, tun da abin da aka binne mai saye ba zai gani ba. Masan da ya fi yawa a gidaje a lokacin yana da wani kasko na ƙarfe da ke juye ƙazanta cikin wata tukunyar baƙin ƙarfe a ƙasa, wadda ruwa ba ya wanke ta, an kuma lulluɓe duka da akwatin katako. Ga ido tsaf, a ciki kuwa ƙaramin ramin masai ne a tsakiyar gida.

A ƙarshen 1871 abin da ya ci Doma ya isa Awai. Yarima Edward, magajin Sarauniya Victoria, ya kamu da zazzaɓin taifod bayan ya sauka a wani gidan masu sarauta, Londesborough Lodge, a Scarborough. Wani babban baƙo da suka sauka tare, Lord Chesterfield, ya mutu. Yariman ya kai bakin kabari a watan Disamba, shekara 10 cif bayan rasuwar mahaifinsa, Yarima Albert, wanda shi ma likitocinsa taifod suka ce. Mujallun likitoci suka tura masu bincike su duba bututan gidan, jaridu suka cika da maganar magudanai da iskar lambatu. A yau an san taifod ta abinci da ruwan da najasa ta taɓa take shiga jiki, don haka sun yi kuskure wajen ɗora wa iska laifi. Amma darasin da masu hali suka ɗauka daidai ne: dukiya ba ta kare gidan da aka haɗa bututansa da ganganci.

Shekarun da suka biyo baya su ne suka mayar da aikin famfo sana'a mai ƙa'ida. Dokar lafiyar jama'a ta 1875 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin magudanai, ta kuma ba su ikon kafa ƙa'idojin gini. A 1877 wani fulamba na Landan, S. Stevens Hellyer, ya wallafa littafi a kan aikin famfo da gida mai tsafta, ya yaƙi masai mai kasko, ya koyar da yadda ake yin lanƙwasar da ke wanke kanta. A ƙarshen shekarun 1870 wani likitan tiyata na Leeds, T. Pridgin Teale, ya fitar da littafin zane-zane da ke nuna wa mai gida abin da ke ɓoye a ƙarƙashin daɓensa: bututan da aka jera ba a liƙe mahaɗarsu ba, waɗanda aka shimfiɗa suna hawa maimakon gangara, da ramin masai mai tsiyaya cikin rijiya.

A wannan zamani ne kuma aka gane wani rauni a ƙirƙirar Cumming. Idan ruwa mai yawa ya faɗo ta babban bututu, yakan ja iska a bayansa, jan kuma ya zuƙe ruwan da ke kwance a lanƙwasar wani masai ko kwanon wanke hannu. Maganin shi ne bututun numfashi, wanda ake miƙawa har ya wuce rufi, don iska ta samu hanyar shiga da fita ba ta cikin ɗaki ba. Masan kansa ya canja siffa. A tsakiyar shekarun 1880 Thomas Twyford ya fitar da masai na tangaran zalla, kwano da lanƙwasa a haɗe, tsaye da ƙafarsa babu akwatin katako, ta yadda duk yoyo zai bayyana. Thomas Crapper, wanda ake yawan jingina wa ƙirƙirar masai, fulamba ne kuma ɗan kasuwa da ya iya talla, amma ya zo ne bayan an gama ƙirƙira.

Saura tambayar wa ya cancanci a ba shi aikin. A Amurka, jihar New York ta yi doka a 1881 da ta wajabta wa masu aikin famfo na biranen New York da Brooklyn yin rajista, ta kuma sa hukumar lafiya ta duba tsarin bututan sabon gini. A Landan tsohuwar ƙungiyar nan ta 1365 ta buɗe rajistar ƙwararru a 1886, bisa jarrabawa ko shaidar gogewa. Rajistar ta ganin dama ce, kuma duk yunƙurin da aka yi a majalisa na mayar da ita tilas bai yi nasara ba. Saboda haka nauyin tantancewa ya ci gaba da zama a wuyan mai gida.

Gidan da ba shi da lambatu

Ba kowane gari ne ke da Bazalgette ba. Don gidajen da lambatu bai kai ba, wani Bafaranshe, Jean-Louis Mouras, ya yi rajistar wani rufaffen tanki a 1881, inda najasa ke kwanciya ƙwayoyin halitta su narkar da ita. Donald Cameron, injiniyan birnin Exeter a Ingila, ya inganta shi a 1895. Wannan tanki shi ne kakan abin da ake ginawa a bayan gidajen Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri. In ban da wasu sassan Abuja da ke haɗe da matatar najasa ta Wupa, kusan kowane gida mai masan tangaran a arewacin Najeriya shi ne hukumar lambatun kansa.

Abin da ake kira sokawe a dunƙule abu biyu ne masu aiki daban. Na farko tanki ne da ya kamata a shafe shi da siminti ciki da bai, kada ɗigo ya fita ta bangonsa. Na biyu rami ne da aka bar wa kafofi da gangan don ruwan da ya fito daga tankin ya tsotse cikin ƙasa. Wannan ruwa ya rabu da dasƙararriyar ƙazanta, amma bai rabu da ƙwayoyin cuta ba. Ƙasa ce ke tace shi a hankali, tacewar kuma tana buƙatar tazara. Ƙa'idar da hukumomin agaji da na lafiya suka saba bayarwa ita ce aƙalla mita 30 tsakanin irin wannan rami da rijiya, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Fili mai ƙafa 50 da 100 kuwa bai wuce mita 15 da 30 ba. Idan aka haƙa sokawe da rijiya ko burtsatse a cikinsa, da wuya tazarar ta cika, ga kuma ramin maƙwabci a bayan katanga. Tsarin titin Broad ke nan, an maimaita shi gida-gida. Kwalara tana da hanyoyi da yawa, ciki har da bahaya a fili da ambaliyar damina, amma a ƙasar da aka samu fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da ita a 2021, fiye da 3,500 suka mutu, mafi yawa a jihohin arewa irin su Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara, wurin da fulamba da magini suka zaɓa wa rami ya wuce a bar shi ga inda fili ya rage.

Ɗan ruwan Cumming ma bai tsufa ba. A watan Maris 2003, a rukunin benaye na Amoy Gardens a Hong Kong, fiye da mutum 300 suka kamu da cutar numfashi ta SARS, 42 suka mutu. Bincike ya nuna cewa lanƙwasar magudanan daɓen ban-ɗakuna da yawa ta bushe, domin mazauna goge daɓe suke yi, ba sa kwara ruwa. Fankokin fitar da iska suka riƙa janyo tururin najasar wani majiyyaci daga babban bututu zuwa cikin gidaje. Abin da mutanen zamanin Victoria suka ji tsoro bisa kuskure a kan kwalara ya tabbata a kan wata cutar bayan fiye da ƙarni ɗaya.

Daga wannan tarihi ne tambayoyin da suka dace a yi wa fulamba suka fito, kuma dukkansu sun riga maganar kuɗi. Ina bututun numfashi zai bi, zai kuma wuce tagogi da rufi? Nawa ne gangarar bututun da zai tafi tanki? Ga bututu mai inci 4, abin da aka saba shi ne ya sauka mita 1 a kowace mita 40. In ya kwanta da yawa ƙazanta ta tsaya, toshewa ta zama ta kullum. Kowane kwano da kowace magudanar daɓe suna da lanƙwasarsu? Akwai akwatin dubawa a inda bututu ya karya kwana, don kada a fasa daɓe ranar da ya toshe? Taku nawa ne daga rami zuwa rijiya mafi kusa, ta gida ko ta maƙwabta? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da inda-inda ba, yakan ma riga mai gida tayar da maganar. Takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago shaida ce mai amfani, haka nan ganin wani aiki da ya yi shekaru biyu ko uku da suka wuce, a ji ta bakin masu gidan.

Masu duba gidaje a Ingila ta ƙarshen ƙarni na 19 suna da wata dabara. Sukan zuba man na'ana'a da ruwan zafi ta bakin bututun da ke kan rufi, ko su hura hayaƙi cikin magudana, sannan wani ya zagaya ɗakuna. Duk inda ƙamshi ko hayaƙi ya ɓullo, nan mahaɗa ta saki. Ana iya yin makamancinsa a yau da abin da ke hannu: a toshe ƙarshen bututu, a cika shi da ruwa, a sa alama, a dawo bayan sa'a ɗaya a ga ko ya ragu. Sharaɗin kawai shi ne a yi gwajin kafin a mayar da ƙasa a zuba siminti, kuma kafin a biya cikon kuɗin aiki.